Neman kalma: me za mu kira "rug pull" da Hausa?

1/ Jama'a, ina so mu tsayar da sunan Hausa ga abin da 'yan kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin) ke kira rug pull, wato masu ƙirƙirar sabon kuɗin kirifto su kwashe kuɗin masu saye su gudu. Shawarata ita ce: yashe rijiya. Kafin ku karɓa ko ku ƙi, ku saurari dalilin da ya sa nake ganin "damfara" kaɗai ba ta wadatar ba.

2/ Sabon shiga idan kuɗinsa ya salwanta, ɗayan biyu yake faɗa: "an damfare ni" ko "kasuwa ce ta faɗi." Daga nan sai a ce masa Allah ya mayar da alheri, magana ta mutu. Bai san takamaimai abin da ya same shi ba, don haka gobe ma ta wannan ƙofar za a sake shigo masa. Wannan ne ke damuna. Asarar kirifto iri-iri ce, kowace da alamarta.

3/ Wanda ya sayi Bitcoin a Nuwamban 2021 tana kusan dala 69,000, ya ga ta sauko wajen 16,000 bayan shekara guda, faɗuwar kasuwa ce ta ci shi, babu wanda ya gudu da komai. Wanda ya zuba a MMM aka daskarar da asusunsa a Disamban 2016, ko a CBEX da ta rufe a Afrilun 2025 bayan alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, shi kuma da kuɗin na baya ake biyan na gaba har igiyar ta tsinke. Wanda ya ajiye a kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022, amanar ajiya aka ci masa, shi ya sa kotun Amurka ta yanke wa shugabanta Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25. Duk waɗannan ba su ne abin da nake nema wa suna ba.

4/ Ga yadda namu yake, kuma a nan nake so a nutsu. A kasuwanni irin su PancakeSwap da Uniswap babu dillali, babu mai tantance kaya. Kowa na iya ƙirƙirar sabon tokin, wato nasa kuɗin kirifto, yau ya kai shi kasuwa yau. Abin da zai yi kawai shi ne ya buɗe wata ma'ajiya, ya zuba abu biyu a ciki: tokin ɗinsa, da kuɗin kirifto mai daraja kamar BNB ko USDT. Kai mai saye, BNB ɗinka kake jefawa ciki ka ɗebo tokin. Ranar da za ka sayar, tokin za ka mayar ka ɗebo BNB. Duk cinikin a kan wannan ma'ajiya yake tsaye. Masu saye na ƙaruwa, kuɗin gaske na taruwa a ciki, farashi na hawa a fuskar waya, kowa na lissafin riba.

Amma wanda ya buɗe ma'ajiyar yana riƙe da shaidar da ke ba shi ikon janye abin da ke ciki. Ranar da ya ga ta cika, sai ya kwashe BNB ɗin kaf a danna ɗaya. Tokin ɗinka yana nan cikin walat, ko ɗaya bai ragu ba. Sai dai babu abin da za ka musanya shi da shi.

5/ Shahararren misali shi ne tokin SQUID, wanda ya ari sunan wani shirin Netflix ba tare da wata alaƙa da su ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya haura dala 2,800, cikin 'yan mintoci ya koma kusan sifili, masu shi suka ɓace da fiye da dala miliyan 3. Abin takaicin, tun kafin ranar masu saye suna ta kukan cewa sun kasa sayarwa, har CoinMarketCap, shafin da ke nuna farashin kirifto, ta manna gargaɗi, amma mutane suka ci gaba da zubawa saboda farashin na ta hawa.

6/ To, sunan. Na ga masu cewa "janye tabarma." Wannan Turanci ne sanye da riga da hula. Bahaushe na jin tabarma, zance ko kunya ne zai faɗo masa, kuma ba ta gaya wa kowa abin da zai bincika.

"Zamba cikin aminci" ta yi faɗi da yawa, har FTX ta shiga ciki. "Gudu da adashi" ta matso kusa, sai dai uwar adashi an san ta, an san gidanta, su kuwa waɗannan yawanci ba suna ba fuska. "An kai shi an baro" ta fi dacewa da masu tallar nan na Telegram da TikTok, waɗanda ake biya su ingiza mai kantu ruwa. Su ma suna buƙatar nasu sunan, amma wata rana.

7/ Me ya sa yashe rijiya? Na farko, kalmar "yashe" ta riga ta shiga bakin mutane a harkar kuɗi, kullum muna jin an yashe wa wane asusun banki. Na biyu, rijiya ta zauna daidai a kan ma'ajiyar nan: gugarka tana hannunka, igiyarka lafiya lau, ka zura ka jawo wayam. Haka wanda ya sayi tokin yake washegari.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a gare ni: sunan yana zuwa da tambayoyinsa. Da zarar yaro ya san akwai rijiya, zai tambaya wa ya haƙa ta, nawa ke ciki, an kulle ta ko tana hannun mutum ɗaya, in an kulle zuwa yaushe. Zai leƙa BscScan ko Etherscan, shafukan da ke nuna wa ke riƙe da me, ya ga ko walat (asusun kirifto) biyu ko uku ne ke riƙe da yawancin tokin. Zai sayi na kuɗi kaɗan ya gwada sayarwa kafin ya zuba jarin shagonsa ko kuɗin makarantar ƙannensa. Ba na cewa wannan zai kare shi ɗari bisa ɗari, domin ana iya kulle rijiya kuma a cuci mutane ta wata hanya, kamar waɗanda suka ƙirƙiri tokin su antaya nasu kason a kasuwa lokaci guda. Amma ya fi shiga ido rufe nesa ba kusa ba.

8/ Na san malaman Hausa za su ce yasar rijiya ai aikin alheri ne, laka ake fitarwa don ido ya buɗe. Gaskiya ne, Allah ya gafarta malam. Shi ya sa ban ce "yasa" ba, na ce "yashe", wadda ke nuna an kwashe tas ba a bar komai ba, kamar bambancin sha da shanye.

Ga yadda za ta zauna a baki: "Sun yashe rijiyar da asuba." "Kar ka saya, rijiyar ba a kulle take ba." "Wannan tokin yashe rijiya ne."

9/ Saura guda da ban samo wa suna ba: tokin da aka tsara shi tun farko yadda za ka iya saye amma ba za ka iya sayarwa ba, kamar yadda ya faru da masu sayen SQUID. Na yi tunanin "shiga ba fita." 'Yan uwa na Sakkwato, Damagaram da Zangon Kumasi, me kuke cewa a wajenku?