Hitar tukunyar tatsar man na'a-na'a ta fi ƙarfin aikin, ta yaya zan rage mata wuta?

Assalamu alaikum. Masana harkar lantarki, a taimaka min.

Ina tatsar man na'a-na'a da tururi a gida, a tukunyar ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 30. Gas ya yi tsada, sai na huda gefenta kusa da gindi na ɗaura hita irin ta tankin ruwan wanka, mai wat 3000.

Tana tafasa ruwa da wuri, daga nan kuma damuwa ta fara. Ganye kan sauko ya manne mata ya ƙone, man ya fito da ƙauri. Na sa raga tsakanin ruwa da ganye, ƙaurin ya tafi. Amma tururin ya fi ƙarfin bututun sanyayawa, yana fita ta baki bai koma ruwa ba, ina kallo man yana bin iska. Filogin ma ya fara narkewa, don a volt 230 hitar tana jan kusan amp 13.

Na gwada tamostat, wato na'urar daidaita zafi, ashe kunnawa da kashewa kawai yake yi, tururi ya zo ya yanke. Na jona regileta ta fanka, nan take ta ƙone. Gaskiya na gaji da asarar ganye.

Ina buƙatar wuta mai ƙarfi har ruwa ya tafasa, sannan ta sauka ta tsaya daidai. Shin in cire wannan in sa hita biyu masu wat 1500, kowace da makunninta, ko in bar ta in haɗa mata na'urar rage ƙarfin wuta da ake kira SCR?