Yadda muka kalli wasannin ƙarshe na watan Yunin 2019

Mai buɗe zance, daga Zariya:
Assalamu alaikum. Da zarar an rufe kakar ƙwallon ƙafa ta Turai, sai watan Yuni ya zo da wasannin ƙarshe har uku a Arewacin Amurka: na ƙwallon kwando, na hoki a kan ƙanƙara, da na besbal tsakanin jami'o'i. Ina roƙon waɗanda suka shaida na 2019 su ba mu labari. Ni dai karawa ta shida a jerin wasannin ƙarshe na ƙwallon kwando tsakanin Toronto Raptors da Golden State Warriors na kalla, wadda aka fara wajen ƙarfe biyun dare agogon Najeriya, muna mu huɗu a zaure da butar shayi, mun rage sautin talabijin don kada mu tashi mutanen gida. Toronto ta yi nasara da maki 114 da 110, ta ɗauki kofin, aka tashi dab da kiran assalatu. Abin da ya hana mu barci shi ne shugaban ƙungiyar Toronto na lokacin, Masai Ujiri, a nan Zariya ya taso, kuma shi ne ya yi kasadar rabuwa da DeMar DeRozan a 2018 domin ya ɗauko Kawhi Leonard daga San Antonio.

Mazaunin Toronto:
Wa alaikumus salam, Malam. Ranar 17 ga wata na ɗauki hutu domin in ga zagayen da aka yi da kofin, amma cunkoso ya sa na shafe sa'o'i a tsaye cikin rana, kuma ko da motocin 'yan wasa suka iso, rufinsu kawai na hango, sai hannun Pascal Siakam ɗan Kamaru da wani ya nuna mini. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce murnarsa ragaggiya ce, domin Maple Leafs, ƙungiyar hoki ta birnin, rabonta da kofi tun 1967.

Ɗaliba a St. Louis:
Yayana na Toronto, mu kwana guda muka riga ku ɗaukar kofi. A farkon Janairun shekarar St. Louis Blues ce ta ƙarshe a teburin gasar hoki baki ɗaya, amma ranar 12 ga Yuni ta doke Boston Bruins da ci 4 da 1 a karawa ta bakwai, ta ɗauki kofin Stanley karon farko a tarihinta. Gaskiya ban iya bin ɗan faifan baƙar robar da ake bugawa da ido ba. Sai na ji ihun maƙwabta ta bango nake sanin an zura. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda 'yan wasan, bayan makonni biyu suna bangazar juna, suka jeru suna musabaha ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikaci a Omaha:
Namu ya fi natsuwa, kuma a ganina ya fi daɗin kallo ido da ido. Tun 1950 ake yin gasar besbal ta jami'o'i a wannan birni, jami'o'i takwas ke zuwa, kuma a matakin farko wadda ta sha kaye sau biyu sai ta koma gida. A karawa uku na zagayen ƙarshe, Michigan ta ci ta farko, Vanderbilt ta cinye biyun da suka rage. Na zauna kusa da iyayen wani ɗan wasa, mahaifiyar tana rufe fuska da hula duk lokacin da ɗanta ya ɗauki sandar ƙarfe zai buga, mahaifin kuwa ya haƙura da kallo yana yi mini bayanin ƙa'idojin wasan har aka tashi.