Famfo ya ƙi tsayawa bayan wayar sadarwa ta tsinke tsakanin PLC biyu

Tambaya:
Assalamu alaikum, injiniyoyi. A masana'antar da nake aiki muna da PLC biyu (ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injuna) da ke musayar bayanai ta Modbus TCP (wani tsarin sadarwa tsakanin na'urori). Makon jiya wayar sadarwa ta tsinke, amma famfon ya ci gaba da aiki har tankin ya tumbatsa, domin na'urar ta riƙe umarnin ƙarshe da ta karɓa. Ta yaya zan gyara shirin?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sa kowace na'ura ta riƙa aika wa ɗayar wata lamba mai canzawa a kowace daƙiƙa, idan lambar ta tsaya na daƙiƙa uku, sai shirin ya kashe famfon ya kunna ƙararrawa. Kafin ka miƙa aikin, ka zare wayar da hannunka ka ga abin da zai faru.

Amsa ta biyu:
Malam, akwai abin da ya fi damuna. Kamfanin Modicon ya fitar da Modbus a 1979, kuma tsarin ba ya tantance wanda ke ba da umarni, saboda haka duk kwamfutar da ta isa tashar 502, wato ƙofar sadarwar da Modbus TCP ke amfani da ita, tana iya canza ƙimomin da ke cikin PLC. Ka raba hanyar sadarwar injuna da ta ofis kamar yadda IEC 62443, ƙa'idar kare na'urorin masana'antu daga kutse, ta tanada. Ka tuna Stuxnet, mugun shirin kwamfuta wanda aka gano a 2010, na'urorin Siemens ya kai wa hari a cibiyar nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran.

Amsa ta uku:
Na yarda da su, sai dai ni ba zan dogara da shiri kaɗai ba. Ka ɗaura makunnin da ke gane cikar tanki kai tsaye da abin da ke ba famfon wuta, domin ya yanke ko da PLC ɗin ya mutu.