Rago ya yi jiki, amma tumaki ba su ɗauka ba

Mai kiwo, Agege: Assalamu alaikum. Balami ne na sauko da shi daga Potiskum don barbara. Wani mai tallar magani ya yi masa allurar ƙarin ƙarfi sau huɗu cikin wata biyu. Wuya ya yi kauri, ƙirji ya buɗe, bin tumaki kuwa ba ya gajiya. Amma har yau ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Jiya na kama marainansa, na ji sun motse kamar lemon tsamin da ya sha rana. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da haka?

Dillali, Alaba Rago: Alhaji, an ci kuɗinka. Na yi wa nawa bara, haka suka shanye. Gaban Sallah na rabu da shi.

Likitan dabbobi, Ikorodu: Ranka ya daɗe, da alama testosteron, wato sinadarin mazakuta, aka dirka masa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, fituwitari, ita ke aika wa maraina saƙo biyu ta jini: LH, mai sa su yi sinadarin mazakuta, da FSH, mai taimaka wa yin maniyyi. Idan jini ya cika da na allura, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka an wadata, ta tsayar da saƙon. Maraina su zauna ba aiki, su ƙanƙance. Sha'awa tana nan tunda allura ta riƙe ta, iri ne babu. Tun wajen 1930 Philip Smith ya nuna wannan alaƙa a Amurka: ya cire wa ɓeraye tsokar, marainansu suka shanye.

Mahauci, Oko-Oba: Ikon Allah! Likita, na san abin nan. In mun fasa kan rago muka ɗaga ƙwaƙwalwa, akwai shi kamar ƙwayar wake, a lafe cikin wani ɗan rami na ƙashi. Shekara ashirin ina watsar da shi, ashe shi ne mai gida.

Hajiya mai awaki, Idi-Araba: Ni nawa akasin haka ne. Bunsuru ya hana maƙwabta sakat da wari, kun san gidan haya a Legas, ɗaki a jikin ɗaki. Aka dandaƙe shi. Bayan 'yan makonni warin ya lafa, ya daina fitsare gemunsa, ya zama taure sai ci da kwanciya. Matar mai gidan ma ta dawo tana gaishe ni.

Mai kiwo, Agege: To likita, in sayar ko in jira?

Likitan dabbobi, Ikorodu: Ka jira, Alhaji, yawanci suna farfaɗowa. A daina allurar. Maniyyin rago kan ɗauki kusan mako bakwai kafin ya nuna, kuma lissafin zai fara ne bayan maganin ya bar jikinsa. In a ƙarƙashin rufin kwano yake, ka fitar da shi, zafi ma yana kashe iri. Ka auna kewayen marainan da zare yau, ka ƙulla, mu gwada bayan wata uku.