Muhawara: Ƙwan LED ne kaɗai maganin fitilar tsohuwar Celica?

Hamma Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Toyota Celica tawa ta 1992, mai fitilar nan da ke ɗagowa daga gaban bonet, ta kai ni bango. Daren Lahadi na taso daga Bauchi, ina wuce Alkaleri duhu ya rufe. Wallahi a dim abin da nake gani bai fi tsawon mota huɗu ba, haske jawur kamar na aci-balbal. Wata saniya na tsaye a gefen kwalta, ban gan ta ba sai da na zo daf da ita, Allah ne kawai ya kiyaye. Na iso Gombe wuyana ya sage saboda leƙe. Me zan yi wa fitilar nan?

Usman Tumfure: Wa alaikumus salam Hamma, Allah ya ƙara tsarewa. Magana ɗaya ce: zamanin ƙwai mai zare ya wuce. Ka cire waɗancan, ka sayi gidan fitila mai cin H4, wato samfurin ƙwan da ke haɗe dim da ful, ka zura ƙwan LED. Nawa lumen 20,000, wato ma'aunin yawan haske, aka rubuta a kwalinsa. Tun da na sa shi, daga Gombe har Kumo kamar da rana nake tafiya. Duk wanda ya kawo maka wani dogon gyara bayan wannan, kuɗinka yake so.

Oga Danladi Mai Wayarin: Usman, maganar nan ta taɓa ni, domin wayarin ce abincina tun kana makarantar firamare. Hamma, kada ka sayi komai tukuna. Gobe ka tayar da mota, ka kunna fitila, a ɗora mitar auna wuta a kan batir, sannan a ɗora a bayan fitilar, wajen soket. Ka turo mini lambobin biyu. Motar da ta haura shekara 30, wutar fitilarta sai ta bi ta fiyus, ta bi tsofaffin mahaɗai da makunni kafin ta kai gaba. Kowace mahaɗa ta yi tsatsa, kowace tana cin rabonta. Kuma irin taka, duk buɗewa da rufewar fitila wayar sai ta lanƙwasa. Na sha feɗe irin wannan waya in tarar silin tagulla uku ko huɗu ne suka rage a ciki, sauran duk sun karye, fatar waje kuwa lafiya lau.

Injiniya Bappa: Oga Danladi ya taɓo inda ciwon yake. Ƙwai mai zare ba ya haƙuri da ƙarancin wuta. In wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yakan ragu da kusan kashi 30. Ƙwan H4 na ƙa'ida wat 55 ne a dim, 60 a ful, kuma an auna shi a kan bolt 13.2: lumen 1,000 a dim, 1,650 a ful. Ko fitilar HID, mai ƙwan gas marar zare, mai wat 35 da motoci masu tsada suka riƙa zuwa da ita daga kamfani, lumen 3,200 take bayarwa. To Usman, ka dubi 20,000 ɗin kwalinka da kyau. Rubutun kwali ba wanda ya auna maka shi.

Hamma, in motarka ta Amurka ce, fitilarta irin ta haɗe ce: zare da madubi da gilashi duk abu ɗaya, in ta mutu sai a sake ta ɗungurungum. Amurka ta wajabta wannan samfurin tun 1940, ba ta sassauta ba sai 1983, kuma motoci masu fitila mai ɗagowa sun ci gaba da amfani da ita bayan haka. Canza gidan zuwa mai cin H4 shawara ce mai kyau, a nan ina tare da Usman. Abin da za a zura a ciki ne muka rabu.

Usman Tumfure: Yallabai Injiniya, ka ba ni hujja da bakinka. Tunda wayoyin sun tsufa, ai abin da ba ya jan wuta da yawa ya kamata a sa musu. LED ba ya kai rabin abin da 'yan kasuwa ke sayarwa mai wat 100 yake ja. Ni na taɓa sa mai wat 100 ɗin, soket ya narke, wari ya cika mota. Kuma ku faɗi gaskiya, wa ya rage a hanya da jan haske? Tirela, Keke Napep, ɗan acaɓa, kowa fari tas. In ka tsaya da naka ja, su za su makantar da kai, kai ba ka ganin komai.

Alhaji Manu: Usman ɗana, saurara. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Gombe da Yola, ta Billiri da Kaltungo da Cham, yawanci da dare. Da can in ka haɗu da mota, ka yi masa dim ya yi maka dim, ku wuce lafiya. Yanzu sai ka yi ta ƙyafta wa mutum fitila, ashe shi a dim yake, dim ɗin nasa ce ke shiga idonka kamar walda. Daƙiƙa biyu ko uku bayan ya wuce ba ka ganin komai sai kore-kore, kuma a daidai wannan lokacin ne mai keke ko yaro mai kora shanu yake gefen hanya. Kai kana cikin motarka kana jin daɗi. Wanda ke tahowa gabanka, da iyalinsa a bayan mota, shi ne ke biyan kuɗin hasken naka. Ni wannan nake ji wa tsoro, haƙƙin mutane.

Usman Tumfure: Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ban ce a cutar da kowa ba. Amma ai ana saita fitila a sunkuyar da ita.

Injiniya Bappa: Saiti ba ya gyara wannan, Usman, ga dalili. Madubin da ke bayan ƙwai an ƙera shi ne domin ɗan siririn zare da ke zaune a wuri ɗaya tak, yana haskawa ta kowane gefe. A cikin H4 akwai ɗan ƙaramin murfi na ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim, shi ne ke yanke hasken da zai tashi sama, ya ba ka layin nan da kake gani a bango. Ƙwan LED ƙwayoyi ne a fuska biyu na faranti mai kauri. In ƙwayar ta kauce daga gurbin zare ko da milimita ɗaya ko biyu, madubin sai ya watsa hasken inda ba a nufa ba. Wani ya tashi sama cikin idon mutane, wani ya taru a gindin bamba. Wanda ya taru kusa ɗin nan shi ke ruɗin direba: gabansa ya yi fari fat, ƙwayar idonsa ta tsuke, can nesa inda saniyar Hamma take tsaye kuwa ya ƙara duhu. In ka sunkuyar da ita don kare idon mutane, nisan ne ka ƙara yankewa.

Ka jira Disamba ma, hazo ya sauko. Duk hasken da ya tashi sama ƙura za ta dawo maka da shi, ka ga farin bango a gaban gilashi.

Adda Hauwa: Yaya Bappa, wannan na gan shi da idona. Ina tashi aikin dare a asibiti, maigidana ya sa mini farin ƙwai a motata bara. Lokacin hunturu, hanyar Dadin Kowa, sai da na riƙa tafiya kamar mai rarrafe. Na sa aka mayar mini da na da. Amma kuma kada a ce LED duk banza ne. Motar ƙanina da ta zo da shi daga kamfani, layinta a bango kamar an ja da rula, ba ta damun kowa.

Injiniya Bappa: Haka ne Adda. Waccan gidan da ƙwayar tare aka ƙera su. Irin girman fitilar Hamma ma, mai kusurwa huɗu, milimita 200 da 142, akwai cikakkiyar LED da aka yi da nata gilashin, mai kyau a cikinsu tana aiki sosai. Matsalar ita ce jabun sun fi yawa a kasuwa, kuma ta ƙwarai kuɗinta ba kaɗan ba ne.

Usman Tumfure: To alhamdu lillahi, an dawo kan LED ɗin dai.

Oga Danladi Mai Wayarin: Ba irin naka ba, Usman. Kuma akwai abin da ba a faɗa ba. Tsofaffin Toyota da yawa makunnin fitilarsu ta ɓangaren at, wato wayar da ke komawa jikin bodi, yake yankewa. Ƙwai mai zare bai damu da ta inda wuta ta shigo ba, LED kuwa yana da gaba da baya. Shi ya sa wani zai sa, dim ta ƙi kamawa, ko alamar ful ta daina nunawa a dashbod. Sannan fankar da ke bayan ƙwan tana buƙatar wuri, kwandon fitila mai ɗagowa kuwa a matse yake, ga ƙurar Gombe da za ta shaƙa kullum.

Hamma Sadiƙ: Oga, na kasa jira, na je wajen maƙwabcina mai mita yanzu. Mota na aiki, fitila a kunne: batir 14.0, soket na dama 11.7, na hagu 11.3. Wayar at ta hagu da na taɓa, kan kusoshin ya yi kore, yana motsi a hannu.

Oga Danladi Mai Wayarin: Ka gani ko. Sama da bolt 2 ke ɓacewa a hanya. Maganinsa rilai biyu, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, ɗaya na dim ɗaya na ful, waya mai kauri kai tsaye daga batir da fiyus a kusa da shi, sabon at a jikin bodi an goge wurin har ƙarfe ya fito. Tsohon makunninka aikinsa ya koma taɓa rilai kawai, ya huta. Da fitilar da ke jikin motar yanzu ma za ka ga bambanci a daren.

Injiniya Bappa: In za ka sayi gidan H4, nemi na gilashi mai zane, irin na Hella ko Koito, ka guji mai santsi mai ƙyalli. Ka duba jikin gilashin: akwai harafin E a cikin da'ira. In ka ga kibiya mai kai ɗaya a kusa da alamomin, ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu ce, kamar Ingila, ka ajiye ta. Mu tun 1972 muka koma dama. Waccan za ta ɗaga haskenta ne ta ɓangaren masu tahowa, ta bar gefen hanyarka a duhu. Kayan gwanjo a gauraye suke zuwa, mai shago da kansa bai cika lura ba. Wajen saiti kuma, mota a fili mai lebur, mita 10 daga bango, layin dim ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar.

Usman Tumfure: Ni dai har yanzu ban yarda jan ƙwai zai kamo nawa a hanya ba, ko an sa masa rilai goma. Bango daban, kwalta daban.

Alhaji Manu: To a gwada duka biyun. Ni zan tsaya a gaba in kalli kowace mota tana tahowa, domin idon mai tahowa ma shaida ne.

Hamma Sadiƙ: Na amince, Baba. Oga Danladi, gobe ƙarfe 9 ina garejinka, a fara da rilai da at, fitilar kuma a bar ta yadda take. Usman, ranar Alhamis bayan isha'i ka zo da taka, mu fara da katangar gidan Injiniya, daga nan mu fita hanyar Dukku inda babu fitilun titi. Zan zo da jarka baƙa mu ajiye a gefen hanya, kowa ya faɗi daga inda ya fara hango ta.