Taƙaitawa: DP World da tashoshin jiragen ruwan Amurka

Jama'a ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin mutane kan rigimar 2006 da kamfanin DP World na Dubai ya sayi kamfanin Ingila mai aiki a tashoshin jiragen ruwan Amurka shida, wato P&O.

1. Kusan kowa ya yarda cewa da can kamfanin Ingila ke aiki a tashoshin nan shida, su Baltimore da Miami, ba wanda ya ce uffan, Larabawa na shigowa sai ihun tsaro.
2. Tsaro yana hannun kwastan da dakarun gaɓar teku, kamfani lodin kwantena kawai yake.
3. Shawarar mafi yawa, a binciki tarihin kamfani, a bar zancen ƙabila.
4. Nan aka rabu: wasu sun ce biyu cikin maharan 11 ga Satumba 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, ƙasar da Dubai take ciki, wasu suka ce siyasar zaɓe ce kawai, ai shugaban Amurka na lokacin, Bush, ma goyon bayan cinikin ya yi.