Ƙurajen aski da sabuwar dokar gemu: in sabunta kwantiragi ko in ajiye kaki?

Abban Hanifa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke cikin kaki a nan Amurka ko suka fita kwanan nan. Ina rundunar sojan ƙasa, sashen kula da kayan aiki, ba na fagen daga ba. Kwantiragina zai ƙare a watan Yuni mai zuwa, an kuma yi mini tayin ƙarin shekara huɗu da kuɗin sa hannu. Takardar zama ɗan ƙasa na riga na samu. Gwajin motsa jiki ba ya ba ni tsoro, makina yana wuce 400.

Damuwata aski ne. Ina da ƙurajen aski masu tsanani, irin wanda gashi ke lanƙwashewa ya koma cikin fata, ƙarƙashin haɓa ya kumbura har da mugunya. Tun ina sabon shiga likita ya ba ni furofayil, wato takardar uzurin rashin lafiya, da kilifa nake rage gemun. To a watan Yulin 2025 aka ce babu sauran furofayil na dindindin, sannan ranar 30 ga Satumba sakataren tsaron Amurka Pete Hegseth ya tara janar-janar a barikin Quantico ya ce zamanin gemu ya wuce. Abin da aka karanta mana shi ne, wanda ya haura shekara guda yana magani bai iya komawa reza ba, ana iya sallamarsa.

Tambayata biyu ce. In na sa hannu na karɓi kuɗin, aka sallame ni a tsakiya saboda wannan, sai na mayar? Kuma akwai wanda ya yi leza, wato cire gashi da na'urar haske, ta yi masa aiki? Ina da mata da yara biyu, ƙaramar tana da asma, inshorar lafiyar soja ce ke riƙe da mu.

Dogo
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka dage da gudu kawai. Tun 1 ga Yunin 2025 gwajin ya koma abu biyar, sun cire jifan ƙwallon nan ta baya. Saura ɗaga ƙarfe, fush-of, ja da ɗauka, filank da gudun mil biyu. Inda mutane ke zubewa shi ne jan kayan nan mai nauyin fam 90 da baya da baya, daga nan ka sunkuci ƙarfe biyu masu fam 40 kowanne, ƙafa ta riga ta mutu. Ka riƙa yin sa sau biyu a mako, maki 300 ɗin da ake nema zai zo da sauƙi.

Maman Sadiq
Ni dai shawarata kada ka kuskura ka fita sai fasfo ɗinka ya shigo hannu. Soja ba ya biyan kuɗin fam ɗin neman zama ɗan ƙasa, in ka fita ka jawo wa kanka wahala.

Abban Hanifa
Na gode Hajiya, amma na faɗa a sama, fasfo yana hannuna. Malam Dogo, gudu ba shi ne matsalar ba, fatar wuyana ce.

Abu Ammar
Me zai hana ka nemi izini ta fuskar addini? Tun Janairun 2017 sojan ƙasa suka yarda da gemu da hijabi da rawani ga mai uzurin addini. Gemu sunna ne, ba abin da za ka ɓoye a bayan takardar likita ba.

Kofur Zee
Malam Abu Ammar, wannan ƙofar ma ana ja mata sakata. Umarnin da ya biyo bayan jawabin Quantico ya ce a koma tsarin kafin 2010, lokacin da da kyar ake ba da irin wannan izinin. Hujjarsu abin rufe fuska na kariya daga iska mai guba, wai gemu yana hana shi kama fuska. An bar wa kowace runduna ta rubuta nata tsarin, kada a tura bawan Allah ya dogara da abin da bai tsaya ba.

Tsohon Saje
Ƙanena, ka saurare ni da kyau, don ni an yi mini. Nawa ba gemu ba ne, tef ɗin awon ƙiba ne, amma hanyar ɗaya ce.

Na haura shekara goma a cikin kaki, na je Iraƙi, na dawo da gwiwar da ba ta sake zama daidai ba. Bayan tiyata aka hana ni gudu wata da watanni, jiki ya ajiye nama. Ranar awo aka shigar da mu wani ɗan ɗaki, na cire riga, yaron da ni na koya masa harhaɗa bindiga ya zagaya mini tef a kan cibiya, hannunsa na rawa, ya kasa kallon idona. Ya auna sau uku, ya rubuta. Daga ranar aka sa mini tuta. Wanda bai sani ba, tuta tana nufin ba ƙarin girma, ba zuwa kwas, ba sabunta kwantiragi. Aka ce kowane wata in zubar da fam uku zuwa takwas ko kashi ɗaya na kitse. Da wace ƙafar? Na koma shan ruwan zafi da kokwamba, ina shiga ɗakin tururi da rigar leda kafin awo, har wata rana jiri ya kayar da ni a banɗaki, matata ce ta ja ni waje.

Wanda ke sama da ni ya dube ni ya ce kada in damu, zai tsaya mini. Aka yi masa canjin wurin aiki. Sabon da ya zo bai san ni ba, takarda kawai ya gani, ya sa hannu. Fanshon shekara 20 da nake hange ya tafi ke nan. Har yau in na ga tef ɗin tela gabana faɗuwa yake.

Abin da nake so ka riƙe: duk alkawarin da ba a rubuce yake ba, babu shi. In doka ta ce "ana iya sallama", to ranar da suke son rage mutane za ta koma "a sallama".

Maman Sadiq
Innalillahi. Allah ya saka maka Baba Saje. Ba su ba ka komai ba na gwiwar?

Tsohon Saje
Ana ba ni kuɗin nakasa, amma sai da na yi ta kai takardu ana dawo da su. Kuma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Yadda aka karɓi katina a ƙofa kamar baƙo.

Dogo
Da yanzu ne da ka tsira Oga. In makinka ya yi sama sosai ana ɗauke maka tef.

Tsohon Saje
Da gwiwa ɗaya zan kawo makin? Kai da kake zuwa ƙarshen mako ɗaya a wata, kada ka koya mini aikin soja.

Dogo
Haba Oga. Dakarun jiha ma sojoji ne, da mu aka je Iraƙin. Dokar sabon gwajin ma ta same mu, illa dai an ba mu zuwa Yunin 2026, ku na cikakken lokaci Janairu.

Kofur Zee
Wannan wa'adin na masu aikin fagen daga ne, sana'o'i 21, su ne aka ce su kawo maki 350 a ma'auni ɗaya mace da namiji. Abban Hanifa ba ya ciki. Kuma tunda an taɓo, ni ma'auni ɗaya bai dame ni ba, tun 2016 mata ke shiga waɗannan ayyukan kuma waɗanda suka shiga sun san abin da suka tarar. Abin da ke ba ni haushi a canza gwaji a 2022, a sake canzawa a 2025, sannan kuma a kawo maganar gwada kugu da tsayi. Mutum ya shirya wa wanne?

Na Gidan Baya
Ni abin da na ji daɗi, an ce janar-janar ma sau biyu a shekara za su yi gwajin. Don Allah ranar da za a zagaya wa masu taurari tef a sayar da tikiti, zan biya na layin gaba. 😂

Abban Hanifa
Allah ya shirye ka. Don Allah maganar leza fa?

Sani Mai Kilifa
Na yi a wani wuri a Houston, dala 150 kowane zama. Bayan 'yan zama ƙurajen wuya suka kwanta sosai. Sai dai ka tabbatar na'urar Nd:YAG ce, ita ce ta dace da baƙar fata. Zafinta kamar ana harbinka da roba.

Baban Iman
150? A Maryland dala 400 aka ce mini, kuma sai na biya zama shida gaba ɗaya. Ko dai wuya kaɗai aka yi maka? Wani abokin aikina ya bi mai arha, aka ƙona shi, yanzu tabo fari-fari ne a haɓarsa.

Kofur Zee
Me ya kai ku biya? Yana cikin matakan maganin da likitan soja ke rubutawa, bayan man shafawa da hutun aski. Ni na san wanda aka yi wa a asibitin bariki bai ba da ko sisi ba.

Baban Iman
In akwai na'urar a barikinku ke nan. Mu sai an tura ka wani gari, layin kuma wata nawa. Agogon shekara gudan yana tafiya kana jiran a kira ka.

Abu Ammar
Ba wanda ya faɗa masa cewa leza tana kashe gashin ne, wani wurin ba zai sake tsirowa ba. Kaki na shekara huɗu ne. Mutum ya fita yana son ajiye gemu ya tarar babu, wa zai kama?

Sani Mai Kilifa
Malam, yarinya mai asma fa? Ka san kuɗin inshora a waje?

Baban Iman
Kan kuɗin sa hannu, ni abin da na gani, ana karɓe na shekarun da ba ka cika ba. Wani a rukuninmu har daga albashinsa na ƙarshe aka cire.

Dogo
Ba haka ba ne, in dalilin lafiya ne ba a karɓa.

Kofur Zee
A nan gizo ke saƙar. Sallamar rashin lafiya daban, sallamar rashin cika ƙa'idar aski daban, ya danganta da abin da aka rubuta a takardarka. Yaya Abban Hanifa, ka ɗauki kwantiragin ka kai ofishin lauyoyin bariki kafin ka sa hannu, kyauta ne. Ka sa su nuna maka layin da ya yi maganar mayar da kuɗi. Kada ka tsaya ga bakin mai sabunta kwantiragi, shi adadi yake son cikawa.

Maman Sadiq
Maigidana ma haka aka yi masa alkawarin za a bar mu wuri ɗaya, ga shi mun tashi sau nawa.

Tsohon Saje
Hajiya, da girmamawa, wannan maganar ta waɗanda suka sa takalmin ce.

Maman Sadiq
Baba Saje, kai da bakinka ka ce matarka ce ta ja ka daga banɗaki. Mu ne muke kwana asibiti da yaran, mu ne muke ɗaure kaya. In an sallame shi, gidan duka aka sallama.

Baban Iman
Ni tunda gwaji ya zama dole sau biyu a shekara, abin da nake tunani azumi. Bana a cikin Ramadan aka sa mana, na roƙi a ɗaga mini zuwa bayan salla, aka ce jadawali ya riga ya fita. Na yi mil biyu da bakin azumi, na gama ina ganin duhu-duhu. 

Abu Ammar
Ka bi ta hannun limamin soja tun yanzu, a rubuce. Ko da ba Musulmi ba ne, aikinsa ne ya kai maganar gaba.

Baban Iman
Na bi. Shi ma abincin halal na fita daji da ya nema mana, sai da muka dawo bariki kwalayen suka iso.

Na Gidan Baya
Ku kun ma ga kwali. Mu cewa aka yi mu ci na masu cin ganye. Akwai wanda ɗakin cin abincin barikinsu ke buɗewa lokacin sahur, ko kowa da kwanonsa a ɗaki yake yi?